Falle Ukun da Na Ɗinka wa Mai-Hannu-Huɗu

Ran nan wata yarinya mai shagon buga takardu a layinmu ta dube ni ta ce, "Baba Iliya, ai bayindin ba wani aiki ba ne, cikin minti biyar na koya." Minti biyar! Ta huda takarda da inji, ta zura mata zoben roba, ta ɗora leda mai sheƙi gaba da baya, wai ita nan ta ɗinka littafi. Ku ɗauki irin wannan ku buɗe shi sau ashirin, ku gani in bai fara zubar da haƙora ba. Ban yi mata gardama ba. Amma tun da ku ma haka kuke gani, ku zauna ku ji.

Shekara huɗu na yi a Sabon Garin Zariya a wajen Baba Alabi kafin ya yarda in taɓa littafin wani ni kaɗai. Bayarbe ne, gajere, da tabarau ɗaure da zare, kuma bai iya yabon mutum ba ko da kuskure. Shekarar farko dama sitaci kawai nake yi, ina tace shi da ƙyalle don kada gudaji ya shiga. Daga baya ya ba ni basilla da allura da zare mai kakin zuma, da wani ƙashin saniya da ya sha hannu har ya yi santsi, wanda ake lallaɓa ninkin takarda da shi. Injin yanka kuwa sai a shekara ta uku, shi ma yana tsaye a kaina. Ƙashin nan har yau yana aljihun rigata.

Dokarsa guda ce, kuma kullum sai ya maimaita ta da Hausarsa mai karkacewa: "Iliya, kada ka karanta. Bi lamba." In aka kawo littafin da ya warwatse, lambar shafi ce jagorarka. In lamba ta tafi, sai ka bi tabo. Ruwan da ya shiga littafi yakan bar zane, zanen nan yana ƙanƙancewa falle bayan falle. Gara ma in ta ci takarda rami take haƙawa, ramin wannan falle dole ya zauna daidai a kan na mai bi masa. Sai ka haɗa biyu ka ɗaga su a bakin ƙofa, in haske ya wuce ta rami ɗaya, maƙwabtan juna ne. In bai wuce ba, ko maganar da ke ciki ta dace kamar an auna, ba nan ne wurinsa ba. Ya ce mai karatu yana bin abin da ransa ke so, mai ɗinki kuwa abin da takarda ta nuna yake bi.

Da ya yaye ni sai na buɗe shagona a Samaru, kusa da jami'a, inda aiki yake. Furojet ɗin ɗalibai ne abincinmu: baƙin bango, shuɗi, kore, kowane sashe da launinsa, suna da haruffan gwal a gadon baya. Ɗalibi zai yi shekara huɗu yana yawo, sai ana gobe rufe karɓa ya zo da gudu, wai "Oga, yanzu-yanzu nake so," kamar gam yana jin Turanci. Na ɗinka Littafi Mai Tsarki na tsofaffin mata da ya sha hawaye da man shafawa, na ɗinka littattafan waƙoƙin coci, na ɗinka Alƙur'anin maƙwabcina mai sayar da taki da bangon fata. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki ya ce shafi ya ɓata wuri. Da wannan aka san ni daga Samaru har Hanwa, kuma ba ni da wani jari da ya wuce shi.

Sai shekarar dogon yajin aikin jami'a ta zo, a farkon shekarun dubu biyu. Samaru ta mutu murus. Masu abinci suka kife tukwane, 'yan acaɓa suka koma barci a kan babura, gam ɗina ya bushe a gwangwani. Da sassafe nake buɗe shago in share, in zauna ina kallon akuya tana tsallaka titi ba mai yi mata hon.

A cikin wannan zaman ne Injiniya Ekpo ya sauka daga acaɓa da buhun shinkafa a kafaɗa. Mai gyaran rediyo da talabijin ne a Sabon Gari. Kakansa ne ya zo daga kudu da aikin jirgin ƙasa, shi kuwa a Muchia, nan Sabon Gari, aka haife shi, Hausa a bakinsa sai dai ya koya wa wani. Ya zazzage buhun a kan teburina, sai ga takardu sun zubo kamar an tsefe katifa.

"Malam Iliya, ka ga abin da ya same ni. Na tafi jana'iza gida wata biyu, kwano ya yi yoyo a kan kwalin, gara ta ƙarasa sauran."

"Injiniya, littafi nawa ne wannan?"

"Talatin da ɗaya. Shekara goma sha tara ina tara su."

Littattafan Turanci ne na labarin sararin sama, irin waɗanda ake cirowa daga fim ɗin talabijin, a gwanjo yake tsinto su ɗaya-ɗaya. Kumbo guda ne a cikinsu duka, da kyaftin guda da mutanensa, suna yawo duniya-duniya. Marubuta ne daban-daban, amma kamfani ɗaya, girma ɗaya, rubutu ɗaya. Irin waɗannan ba a ɗinka su da zare, gam kawai ake shafawa a gadon baya, ruwa na taɓa su kowane falle ya kama gabansa. Lambar shafi a ƙasa take, kuma ƙasan ne gara ta fi ci. A sama kuwa sunan jerin littattafan ne kawai, iri ɗaya a duka talatin da ɗayan.

Na karɓi aikin, don ba ni da wani. Na kuma karya dokar Baba Alabi tun a satin farko, don zaman banza. Na yi makaranta har aji uku na sakandare, Turancin bai fi ƙarfina ba. Ina jera falle ina leƙawa, daga leƙe sai karatu.

Kai, ban taɓa ganin lalaci irin na marubutan nan ba. Mutum ya zauna ya ƙirƙiro duniya sukutum, ya ba ta rana biyu da wata uku da teku mai launin ja, amma ya kasa samar mata mutum biyu masu hali daban. In an sauka a duniyar mayaƙa, kowa mayaƙi ne, daga jariri har kakarsa, gaisuwarsu ma barazana ce. In an je duniyar maƙaryata, ba mai faɗin gaskiya ko da tambayar hanya ce. An ƙara musu hannu, an ƙara musu ido, an shafa musu toka a fata, sannan aka ba kowace al'umma hali ƙwaya ɗaya kamar rabon alewa. Su kuwa 'yan Adam na cikin kumbon, kowa da uwarsa, da ciwon bayansa, da abincin da ba ya so, da yarinyar da ta ƙi shi. Daga bakin kasuwar Samaru zuwa ƙofar jami'a za ka gamu da halaye fiye da na duniyoyinsu goma a haɗe.

Ranar da Injiniya ya leƙo ganin aiki na faɗa masa haka, ina zaton zai ji haushi. Sai ya ja benci ya zauna.

"Kai yau ka gani. Ni shekara goma sha tara nake tambaya, su mayaƙan nan wa ke gyara musu rediyo? Wa ke soya musu ƙosai? A ce duniya guda ba matsoraci ko ɗaya?"

"To me ya sa kake ta saye?"

"Ina jira ne. Kowanne na ɗauka sai in ce wataƙila a wannan ne wani zai tsaya ya tambaye su yaya gida." Ya juya wani falle. "Malam, ni fa a garin nan aka yanke mini cibiya. Amma in an tashi ba da labarin mutanen Sabon Gari, da kalma ɗaya ake gamawa da mu. Kai ma in ka je kudu da kalma ɗaya za a gama da kai. Na ɗauka waɗanda suka iya hango wata duniya za su fi mu hankali."

A cikin goman farko da na gama akwai na sha huɗu. Labarin wani kwamanda ne na wata al'umma masu hannu huɗu, ni dai Mai-hannu-huɗu nake ce masa. Tun daga shafin farko ihu yake yi, yana fasa tebur, yana rantsuwa sai ya ƙone kumbon kyaftin. Ana gobe yaƙi, babin ya ƙare da cewa ya kori dogarawansa, ya shiga ɗakinsa shi kaɗai ya rufe ƙofa. A cikin tarin da ban san gidansu ba kuwa akwai falle uku, babi guda cif, wasiƙa ce. Ta fara da "Mama." Mai rubutun yana cewa takalmin da aka ba shi yana matsa masa, abincin sansani ba gishiri. Yana tambaya ko an gyara rufin ɗakin baya, ko tarin ƙanwarsa ya lafa. Ya ce gobe za a yi yaƙi, kowa na ganin ba ya tsoro, alhali a tsorace yake, kuma shi bai ƙi mutanen da za a yaƙa ba, ko fuskarsu bai taɓa gani ba. Inda ya sa hannu a ƙasa, gara ta cinye.

Na karanta na ce to, ga shi, ashe akwai mai hankali ɗaya a cikin marubutan nan. Mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, me zai yi in ba wasiƙa ba? Ban ɗaga takardun a bakin ƙofa ba. Ban duba tabon ruwa ba. Na jera, na matse, na huda, na ɗinka, na yanke gefe, na sa bango. Wallahi har daɗi na ji. Na haɗa shi da sauran taran da na gama na ba Injiniya ya tafi da su.

Bayan kwana huɗu Injiniya ya dawo ko gaisuwa bai gama ba.

"Malam Iliya! Na sha huɗun nan! Na karanta shi tun ina saurayi, ban san inda hankalina yake ba a lokacin. Ashe mutumin nan yana da uwa! Ka ga washegari da aka harbe shi, su kyaftin suna ta dariya suna shan shayi? Na ajiye littafin, abinci ma na kasa ci. Madam ta ɗauka zazzaɓi ne."

Na ce ai na gani, muka yi ta yabon marubucin kamar ɗan unguwarmu ne.

Ranar Talata ina haɗa na ashirin da biyu sai na tarar da giɓi. Babi na tara ya ƙare da wani ƙaramin soja ɗan Adam, yaron kyaftin, yana neman biro. Babi na sha ɗaya ya fara da shi yana liƙe ambulan. Ramin gara ya shiga ta gefe ɗaya da faɗi, ya fito ta ɗaya gefen a tsuke, kaurin falle uku ya ɓace a tsakani. Ban buƙaci kowa ya faɗa mini inda suke ba. Na zauna a kan benci, kunya ta rufe ni ni kaɗai a cikin shago. Wasiƙar ta ɗan Adam ce. Ko da ma can wa marubutan nan za su ba uwa in ba nasu ba?

Ga abin da ke gabana. In na yi shiru na ɗinke na ashirin da biyu haka nan, ba wanda zai sani har abada. Littattafan nan ko babi biyar ka cire ba su san an taɓa su ba. Sunana zai zauna yadda yake, mutumin da bai taɓa ɓatar da shafi ba. In kuwa na faɗa, Injiniya mutum ne mai jama'a, shagonsa majalisa ce, kafin sati Sabon Gari ta ji cewa Iliya ya ɗinka cikin wani littafi a cikin wani. A shekarar da ba aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ture na ashirin da biyu ƙarƙashin tebur, na yi kwana uku ina kewaye shi.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi da riga mai guga, da takardu a hannu.

"Zan ba yaran nan na kusa da kai su buga mini a kwamfuta, daga nan in wuce gidan waya. Amma tsaya ka fara ji."

Wasiƙa ce ya rubuta wa wata mujallar masu karanta irin littattafan, can ƙasar waje, shafi huɗu da hannunsa. Ya tsaya a tsakiyar shagona yana karantawa yana fassara mini inda ya ga dama. Ya ce shi mai gyaran rediyo ne a Zariya. Ya ce shekara goma sha tara yana zaginsu a zuci, yau ya zo neman afuwa. Ya kawo lambar littafin da babin, ya roƙi duk mai karatu ya koma ya duba wasiƙar kwamandan. A ƙasa ya sa cikakken sunansa da na mahaifinsa da lambar akwatin gidan waya. Na hango wani can yana buɗe nasa kwafin lafiyayye, yana neman babin, yana dariyar wani baƙin mutum da ya yi mafarki da rana.

Na ce, "Injiniya, kada ka aika."

"Turancin ne bai yi ba?"

"Turanci ya yi. Aikina ne bai yi ba."

Na jawo na ashirin da biyu na buɗe masa giɓin. Na karɓi na sha huɗu daga hannunsa, da ma yana tafe da shi, na kai bakin ƙofa na ɗaga falle na ƙarshe na babin kwamandan tare da na farkon wasiƙar. Haske bai wuce ba. Ramukan ko kusa ba su haɗu ba, tabon ruwan ɗaya yana hagu, na ɗayan yana dama. Abin da zan gani cikin ƙiftawar ido da na bi abin da aka koya mini.

Ya daɗe yana kallon takardun. Sannan ya ce, "To wa ya rubuta wa mamarsa?"

"Yaron kyaftin. Mai jan gashin nan."

"Shi da muka riga muka san mamarsa, da kakarsa, da karensa."

"Shi."

"Shi kuma wancan?"

"Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da safe ya fito yana ihu, aka harbe shi."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya ninke wasiƙarsa huɗu ya tura a aljihu. Na ba shi haƙuri. Na ce laifina ne, ba na gara ba, ba na ruwa ba. Na ce ya bar mini littafin zuwa Litinin in warware zaren in mayar da kowane falle gidansa, ba zai ga alamar an taɓa ba.

Ya riƙe littafin gam a ƙirji. "Ka warware me? Ka taɓa shi mu ɓata."

"Injiniya, ba daidai yake ba."

"Na sani. Na ga daidai ɗin ai, guda talatin gare ni." Ya juya gadon bayan littafin, inda na buga lamba da sunan marubucin da ruwan gwal. "Haruffan nan naka suna kusa?"

"Suna nan."

"Ɗora su a wuta. Ka sa sunanka a ƙarƙashin nasa."

Na ce ba a yin haka, mai ɗinki ba ya sa suna a littafin wani. Baba Alabi da yana da rai da sai ya jefe ni da ƙashin nan.

"Shi wannan an biya shi ya ba mutumin hannu huɗu. Kai ka ba shi uwa. Sa sunanka, Malam. Kuma duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa yadda aka yi, kada ka ce ban gaya maka ba."

Ya kuwa faɗa. Har aka janye yajin aiki ana tsokanata a Sabon Gari, in na wuce a ce ga mai aurar da littattafai. Wani malamin makaranta da ya yi niyyar kawo mini kundinsa ya fasa, ya aiko a ce mini yana tsoron kada a sa masa wasiƙa a tsakiya. Na haɗiye, don na ci a yi mini. Na ashirin da biyu na ɗinke shi da giɓinsa bisa umarnin mai shi, kuma kamar yadda na zata, duk waɗanda suka are shi ba wanda ya lura. Injiniya bai ƙara sayen ko ɗaya daga jerin nan ba. In ya wuce masu gwanjo ya ga sabo, sai ya ɗaga ya duba bangon, ya ga wani mai ido shida yana zare haƙora, ya ce "Sannu, yaya mama?" ya ajiye.

Tun daga ranar ban sake karanta abin da nake ɗinkawa ba. Lamba nake bi, in babu in bi tabo, in ɗaga a bakin ƙofa ko da mai aikin yana tsaye yana duba agogo. Ku da kuka koya a minti biyar, ban san abin da za ku yi ba ranar da aka zazzage muku buhu a tebur.

Na ɗinka littattafan da ban san iyakarsu ba a garin nan, kowane shafi a wurinsa, kuma ba ɗaya da ke ɗauke da sunana. Guda ɗaya tak ke da shi, da ruwan gwal, a kan kantar wani shagon rediyo a Sabon Gari. Shi ne wanda na ɓata.